Gretna: Kulob ɗin kan iyaka da ya hau sama cikin shekara uku, ya rushe cikin ɗaya

Ranar 13 ga Mayun 2006, mutum sama da dubu 50 suka cika filin wasa na Hampden Park da ke birnin Glasgow don kallon wasan ƙarshe na Kofin Sikotlan. A gefe ɗaya akwai Hearts, tsohuwar ƙungiya daga Edinburgh, babban birnin ƙasar. A ɗaya gefen kuwa wata ƙungiya ce mai suna Gretna, daga wani gari da mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Da za a kwashe garin kakaf, yaro da babba, a zuba su a filin nan, ko kusurwa ɗaya ba za su cika ba. Shekara biyu bayan wannan rana, an nemi kulob ɗin an rasa.

Mu da muka taso a gidajen kallon ƙwallo mun saba jin sunayen Arsenal da Chelsea da Barcelona, har muna musu a kansu kamar da kuɗin iyayenmu aka kafa su. Da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunan Gretna a cikinmu. Amma labarinta ya fi kusa da irin ƙwallon da muke bugawa a unguwanninmu fiye da labarin waɗancan manyan, shi ya sa muka kawo muku shi a wannan makon.

Sai mun fara da taswira kafin a gane komai. Ingila da Sikotlan duk suna cikin Birtaniya ne, babu shingen kwastan a tsakaninsu, ba a tambayar kowa fasfo. Sai dai a harkar ƙwallo kowace cin gashin kanta take yi: hukumarta daban, gasarta daban, kofinta daban, 'yan wasan ƙasarta daban. Garin Gretna yana bakin iyakar ne ta ɓangaren Sikotlan. Wani ɗan ƙaramin kogi mai suna Sark ne ya raba shi da Ingila, kuma birnin da ya fi kusa da shi, wato Carlisle, na Ingila ne, tafiyar kilomita 16 ko kusa da haka. Wanda ya san yadda mutumin Illela ke shiga Ƙonni cin kasuwa ya dawo gida kafin la'asar zai gane irin zaman.

Garin ba tsoho ba ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Birtaniya ta gina wata katafariyar masana'antar haɗa albarushi a yankin, ta kuma gina gidaje don dubban ma'aikatan da aka kwaso, yawancinsu mata. Waɗannan gidaje su ne asalin Gretna ta yau. Maƙwabcinsa Gretna Green shi ya fi suna, saboda tun daga 1754, da dokar aure ta yi tsauri a Ingila, masu son aure suka riƙa tsallako iyaka ana ɗaura musu a can, sau da yawa a maƙerar garin. Har yanzu ɗaurin aure babbar sana'a ce a wurin.

An kafa kulob ɗin ƙwallon a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da samarin gari suka dawo daga fagen daga. Kaka ɗaya suka buga a wata ƙaramar gasa ta yankin Dumfries a Sikotlan, sai suka duba suka ga abokan karawar da ke kusa da su suna tsallaken kogi ne. Kuɗin mota ya fi sauƙi, tafiya ta fi gajarta. A 1947 suka koma gasar Carlisle da kewaye. Daga nan Gretna ta zama ƙungiyar Sikotlan mai buga wasa a Ingila, kuma haka ta zauna fiye da shekara 50. A ɗaya ƙarshen iyakar, can gabas, akwai mai yin akasin haka: Berwick Rangers tana garin Ingila ne amma a Sikotlan take buga wasa.

Shekarun nan na Ingila ba su da wani armashi ga mai neman labari. 'Yan wasa suna da ayyukansu na yau da kullum, su yi atisaye da yamma, su buga wasa ranar Asabar a filinsu na Raydale Park gaban mutum ɗari ko ɗari biyu. A 1982 suka shiga gasar Northern League, suka cinye ta sau biyu a jere, a 1991 da 1992, suka ƙara gaba zuwa Northern Premier League. Sau biyu suka kai zagayen farko na Kofin FA, inda ƙananan ƙungiyoyi ke haɗuwa da ƙwararru. A 1991 sai da Rochdale ta sake wasa da su kafin ta fitar da su. A 1993 kuma suka haɗu da Bolton Wanderers, wadda Jay-Jay Okocha ya zo ya yi wa wasa daga baya. Gretna ce ke kan gaba har wasa ya yi nisa, sai wani ɗan gaba mai suna Owen Coyle ya zura ƙwallo biyu, aka tashi 3-2. Ku riƙe sunan nan, zai dawo.

Duk wannan lokaci shugabannin kulob ɗin suna son komawa gida. Sau biyu suka nemi shiga babbar gasar Sikotlan aka ƙi su. A 2002 wata tsohuwar ƙungiya, Airdrieonians, ta durƙushe saboda bashi, gurbi ya samu, aka kaɗa ƙuri'a, Gretna ta yi nasara. Abin lura a nan shi ne, ta ƙofar da bashi ya fitar da wata ita ta shigo. A wancan lokacin matakan gasar huɗu ne: Firimiya a sama, sai rukuni na ɗaya, na biyu da na uku. Gretna ta fara daga ƙasa, kuma kakarta ta farko a tsakiyar tebur ta ƙare.

A nan ne Brooks Mileson ya shigo. Mutumin Sunderland ne a arewacin Ingila, ɗan talakawa. Yana yaro ya yi hatsarin da ya karya masa baya, har aka yi zaton ba zai sake tafiya ba, amma ya miƙe ya zama ɗan tseren dogon zango. Ya yi arziki a harkar gine-gine da inshora. Ko kusa bai yi kama da attajiri ba: gashi a ɗaure ta ƙeya, wandon jins, taba ba ta barin hannunsa, kuma ya fi son tsayawa cikin 'yan kallo a kan zama a kujerar manya. A gidansa da ke kusa da Carlisle yana kiwon dabbobi iri-iri, har da jimina. Ya so sayen Carlisle United abin bai yiwu ba, sai ya juyo ga ƙaramar maƙwabciyarta. Da tallafi ya fara, kafin a ankara kulob ɗin ya koma hannunsa.

Mu faɗi gaskiya a kansa, domin waɗanda suka san shi ba su kira shi mayaudari ba. Yana son ƙwallo tsakani da Allah, ya tallafa wa ƙungiyoyin magoya baya a wurare da dama, kuma a zamaninsa masu horarwa na Gretna sun riƙa zagaya makarantun yankin suna koya wa yara wasa. Matsalar tana cikin lissafi ne. Kulob yana samun kuɗi daga tikitin shiga, da talla, da haƙƙin nuna wasa a talabijin, da sayar da 'yan wasa. Garin mutum dubu uku ba zai iya samar da ko ɗaya daga cikin waɗannan da yawa ba. Mileson kuwa ya mayar da 'yan wasan cikakkun ƙwararru, ya ɗauko waɗanda suka taɓa bugawa a Firimiyar Sikotlan, yana biyan su albashin da abokan karawarsu ba sa ko mafarkinsa. Duk giɓin da ya rage tsakanin abin da ke shigowa da abin da ke fita, daga aljihunsa yake cikewa.

A fili dai abin ya yi kyau. A kakar 2004-05 Gretna ta cinye rukuni na uku da maki 98, ta zura ƙwallo 130 a wasa 36. Ku raba ku gani: kusan huɗu a kowane wasa. Mutum ɗaya, Kenny Deuchar, shi ya ci 38 daga ciki. Deuchar cikakken likita ne wanda ya gama karatunsa na aikin asibiti, abin da ya kamata masu cewa boko da ƙwallo ba sa haɗuwa su ji. Kaka ta gaba suka cinye rukuni na biyu, kuma a cikinta ne suka yi tafiyar da ta kai su Hampden. Sun doke Dundee 3-0 a wasan kusa da na ƙarshe, suka zama ƙungiya ta farko daga mataki na uku da ta kai wasan ƙarshe na kofin.

A ranar, Hearts ce ta fara ci ta ƙafar Rudi Skácel. Saura kusan kwata a tashi aka ba Gretna fenareti. Ryan McGuffie ya buga, gola ya tare, ƙwallo ta dawo masa ya mayar da ita raga. Aka yi ƙarin lokaci ba wanda ya ƙara, aka je bugun fenareti. Gola ya kama ɗaya daga cikin na Gretna, sannan Gavin Skelton ya buga tasa ta daki turken sama. Hearts ta ɗauki kofi da 4-2. Duk da haka Gretna ba ta koma gida hannu rabbana ba. Da yake Hearts ta riga ta samu gurbin Gasar Zakarun Turai ta hanyar zama ta biyu a Firimiya, sai gurbin Kofin UEFA ya faɗo hannun Gretna.

Ƙungiyar da shekara huɗu baya take yawo a ƙananan garuruwan arewacin Ingila, ga ta a gasar Turai. Wadda aka haɗa ta da ita ma 'yar kan iyaka ce: Derry City, da ke Arewacin Ireland amma take buga gasar Jamhuriyar Ireland. Derry ta lallasa ta 5-1 a wasan farko, aka yi 2-2 a na biyu. Wasan farkon nan, wanda a takarda na gida ne ga Gretna, ba a Raydale Park aka buga shi ba, domin filin bai cika sharuɗɗa ba. A Motherwell aka yi shi. Mai lura zai ga alamar abin da ke tafe tun daga nan.

Kakar 2006-07 ta zo da rukuni na ɗaya. Gretna ta ba da tazarar maki 12, sai ta fara tuntuɓe. Kocin da ya kawo su tun daga ƙasa, Rowan Alexander, ya tafi hutun rashin lafiya, mataimakinsa Davie Irons ya karɓa. St Johnstone ta yi ta cin tazarar har aka zo ranar ƙarshe, 28 ga Afrilun 2007. Kocin St Johnstone a lokacin shi ne Owen Coyle ɗin nan na Bolton. Yaransa suka ci wasansu 4-3, aka tashi, suka tsaya a fili suna jiran labari daga Dingwall, can arewa, inda Gretna ke 2-2 da Ross County. Da an tashi a haka, St Johnstone ce zakara. A minti na ƙarshe James Grady ya ci wa Gretna ta uku. Maki ɗaya ya raba su. Wanda ya hana Gretna dariya a 1993, ita ta hana shi a 2007.

Hawa uku a jere, kofi uku a shekara uku. Jaridu suka yi ta kiran abin tatsuniya. Magoya bayan sauran ƙananan ƙungiyoyi kuwa ba su ga abin burgewa ba, a wurinsu kuɗi ne kawai ya sayi matakan. A ganinmu kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Kuɗi ba ya zura ƙwallo a minti na 90, amma kuma ba don kuɗin ba da Grady bai san hanyar Gretna ba.

Firimiyar Sikotlan tana da doka a lokacin: duk ƙungiyar da za ta shigo sai filinta yana da kujeru aƙalla dubu shida. Ku tuna yawan mutanen garin. Ana neman fili mai kujeru kusan ninki biyu na duk mai rai a Gretna. An yi ta maganar gina sabon fili, ba a aza ko bulo ɗaya ba. Dole kulob ɗin ya yi hayar Fir Park, filin Motherwell, mai nisan kusan kilomita 120. Wato duk wasan gida, sai magoyin baya ya yi tafiyar kilomita 240 zuwa da dawowa, cikin sanyin hunturu. Kaɗan ne suka iya. Ga kuɗin haya, ga albashi, ga kujeru babu kowa.

Ranar wasan farko Rowan Alexander ya zo da shirin komawa bakin aikinsa, aka tare shi a ƙofa gaban 'yan jarida. Falkirk ta ci su 4-0. An riga an sallami da yawa daga cikin tsofaffin 'yan wasan don rage kashe kuɗi, aka cike gurbinsu da matasa da 'yan aro. Suka zauna a ƙasan tebur, ba su ƙara tashi ba.

A Fabrairun 2008 Mileson, wanda dama ya daɗe yana fama da rashin lafiya, ya kwanta asibiti a Newcastle da ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. A satin nan albashi bai fito ba. Wannan shi ne wurin da ya fi ba mu mamaki a duk labarin: ƙungiya tana buga gasa ɗaya da Celtic da Rangers, amma mutum ɗaya ya kwanta, an rasa mai biyan ma'aikata. Babu asusun ajiya, babu wasu masu hannun jari da za su tallabe, babu kadarar da ke kawo kuɗi. Davie Irons ya ajiye aiki ya koma Morton. Tallafin gidan Mileson ya tsaya. A watan Maris aka miƙa kulob ɗin ga masu kula da kamfanonin da bashi ya ci ƙarfinsu. Aikin irin waɗannan mutane shi ne su karɓi ragama, su rage ma'aikata, su nemi mai saye, in ba a samu ba su sayar da abin da ya rage a biya masu bin bashi. Dokar gasa kuma ta ce duk wadda ta shiga wannan hali a cire mata maki 10, aka cire.

Hukumar gasar ce ta riƙa ba da kuɗin da ya sa suka iya ƙarasa kakar, don kada jadawali ya wargaje. A watan Afrilu, mutum 431 ne kacal suka kalli wasansu da Inverness, adadi mafi ƙanƙanta a tarihin gasar. Shekara biyu kafin nan dubban mutane ne suka bi su Hampden da tutoci. Ina suka shiga? Yawancinsu dama 'yan rakiya ne, sun zo kallon abin mamaki, da mamakin ya ƙare suka koma ƙungiyoyinsu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma a nan har 'yan kallon ma na aro ne.

Wasansu na ƙarshe ya zo a watan Mayu, kuma da Hearts ne. Gretna ta ci 1-0 ana dab da tashi. Wanda ya ci ƙwallon shi ne Gavin Skelton, mutumin da fenaretinsa ta daki turke a Hampden, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka faro tun daga ƙananan rukunai ba su gudu ba. Suka ƙare da maki 13. Bayan 'yan kwanaki aka sallami duk sauran ma'aikata. Ba a samu mai saye ba. A watan Yuni kulob ɗin ya janye daga gasa, a watan Agusta aka rufe shi a hukumance, yana da shekara 62. Mileson ya rasu a Nuwamban wannan shekarar yana da shekara 60.

Gurbin da Gretna ta bari, maƙwabciyarta Annan Athletic aka ba, daga wani gari da bai fi kilomita 13 daga nan ba. Ita ma ta taɓa buga gasar Carlisle. Ba ta da attajiri, 'yan wasanta ba su bar ayyukansu ba, ba ta taɓa leƙa Firimiya ba. Amma ta yi shekaru a gasar tana biyan abin da take iyawa, a 2013 ta je har Ibrox ta doke Rangers 2-1, a 2023 kuma ta hau mataki na gaba. Shekara 15 ta ɗauka kafin ta yi hawa ɗaya, inda Gretna ta yi uku cikin uku.

Tambayar da ake yi har yau ita ce: da Mileson bai zo ba, da ya fi? Wasu 'yan garin suna cewa ko da me aka ba su ba za su musanya ranar Hampden ba. Wasu kuma suna cewa kulob ɗin da kakanninsu suka kafa a 1946, wanda ya rayu shekara 50 da 'yan kai da kuɗin tikiti da gudummawar 'yan gari, an ƙone shi cikin shekara biyar. Mu dai mun fi karkata ga na biyun, ko da yake ba mu ga laifin na farkon ba. Da an ɗauki wani kaso na kuɗin albashin nan an gyara Raydale Park, an tsaya a rukuni na ɗaya ko na biyu, da wataƙila ranar da Mileson ya kwanta akwai abin da zai riƙe kulob ɗin. Kuma ba sai mun je Sikotlan ba kafin mu ga irin wannan. Yawancin manyan ƙungiyoyin gasar Najeriya gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, ƙananan na unguwa kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke sayen riga da ƙwallo da biyan kuɗin mota. Ku tambayi kocin ƙungiyar unguwarku wa ke biya, sannan ku tambaye shi wa zai biya in wannan mutumin ya daina.

Su kuwa magoya bayan Gretna na ainihi, waɗanda ke zuwa tun ana mutum ɗari biyu, ba su jira an gama rufe tsohon kulob ba. A watan Yulin 2008 suka haɗu suka kafa sabo mai suna Gretna 2008, mallakin ƙungiyar magoya baya. Suka faro daga gasar Gabashin Sikotlan, can ƙasa da inda tsohon ya fara a 2002. Da farko a Annan suke buga wasanninsu na gida, domin an kulle Raydale Park. A 2009 suka koma filinsu, a 2011 wata ƙungiyar al'ummar garin ta saye shi don kada a mayar da shi filin gidaje. A 2013 suna cikin ƙungiyoyin da aka buɗe gasar Lowland League da su, wato mataki na biyar. Baƙi da fari suke sawa kamar na da, kuma ranar wasa 'yan garin da ƙafa suke zuwa fili.